Zuwa Nguru Da Gashuwa Da Ƙananan Yara



Da zarar hutun makaranta ya gabato, tambayoyin da ake yi mana a kantin magani sukan canza. Mai hali yana tambayar abin da zai riƙe wa yara zuwa Umra ko Dubai ko Masar, wani kuma yana shirin kai su gida wajen kakanni. A wannan makon ina so in ja hankalinku zuwa wata tafiya da ba ta buƙatar biza, amma yaron da ya tashi a Kano ko Kaduna ko Abuja zai ɗauka wata ƙasa aka kai shi. Ina nufin Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, dab da iyakarmu da Nijar. Wanda yake da dangi a tsallake kuwa, daga can ɗan taƙi ne ya zama ya fita ƙasar waje da gaske.

Daga Kano ana bi ta Haɗeja da Birniwa a shiga Nguru. Idan da yara a mota ku ware mata rabin yini, ku fita bayan sallar Asuba, domin ku isa kafin rana ta take. Kuna wuce Haɗeja za ku ga ƙasar ta fara sauyawa, itatuwa suna raguwa, yashi yana ƙaruwa, ga goruba tsaitsaye. Sai kuma ga abin da ba a zata ba, ruwa shimfiɗe iya ganin ido a bakin hamada.

Nguru gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A nan layin dogo da ya taso daga Kano ya tsaya tun wajen 1930, kuma ta nan aka riƙa kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi zuwa kudu. Wannan ya sa garin ya tara Mangawa da Hausawa da Fulani da Badawa da baƙi daga wurare masu nisa, har yau kuma Hausa kowa yake yi a kasuwa. Ku kai yara tashar su ga inda dogo ya ƙare, abu ne da ba kowane yaro ya taɓa gani ba. Amma kada ku ɗora tafiyarku a kan jirgin sai kun tambaya a tasha, don zirga-zirgarsa ta daɗe tana yi tana tsayawa.

Ruwan da na ambata shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. Ku gaya wa yara cewa ruwan da suke tsallakewa a gadar Wudil shi ne ya biyo su har nan. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya bazu a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya haɗu da kogin Jama'are a kusa da Gashuwa, daga nan sunansa ya koma kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, a shekarar 2000. Tsofaffin garin za su gaya muku ruwan ba kamar da ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyarsa ta canza, ciyawar kachala ta toshe hanyoyi da dama, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye wa manoma shinkafa.

Tsakanin Nguru da Gashuwa, tafiyar da ba ta wuce kamar awa guda ba, ana ratsewa zuwa Dagona, wurin da aka keɓe wa tsuntsayen ruwa a ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. Idan sanyi ya tsananta a Turai, tsuntsaye sukan keto Sahara su sauka a nan, su iske na gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. Saboda su Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo Dagona a 1989. Ni dai ina ganin yaron da ya tsaya da sassafe ya ga garken agwagin ruwa sun tashi gaba ɗaya sun rufe sama ya samu abin da babu kantin Dubai da zai ba shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsu.

Gashuwa kuwa nan ne fadar Mai Bade, a bakin kogi, garin kifi da shinkafa da tattasai, kuma tun 2013 akwai jami'ar tarayya a cikinsa. Tsohuwar hedikwatar masarautar, Gogaram, tana nan da sauran ganuwarta, a can ake bikin kamun kifi na Bade.

To, yanzu bari mu zo ga abin da ya sa na kawo wannan tafiya shafin lafiya. Ruwan nan da zai burge yaranku, shi ne kuma abin da za ku fi kiyayewa.

Za ku iske yaran gari suna ta iyo suna tsalle a bakin tafki, naku kuma za su fara roƙo a bar su su shiga, ko da ƙafa ce kawai. Kada ku bari. Ruwa mai kwanciya, mai ciyayi, irin na fadama da hanyoyin ban-ruwa, shi ne gidan cutar tsargiya, wato fitsarin jini. Yadda take ke nan: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, su girma a ciki, su fito su bazu a ruwan. Ido ba ya ganinsu. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga, cikin 'yan mintoci. Daga nan su zauna a jijiyoyin jini na mafitsara suna zuba ƙwai. Jinin ba ya bayyana a fitsari sai bayan wata biyu zuwa uku, lokacin da kowa ya manta an yi tafiya. Shi ya sa uwa za ta zo mana a rikice tana cewa yaro bai ci komai ba, bai faɗi ba, ga jini a ƙarshen fitsarinsa, sai an yi ta tambaya kafin a tuna hutun da ya wuce.

A wasu ƙauyuka har yanzu ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji, wasu kuma su ce zafin rana ne. Ba haka ba ne. Tsargiyar da aka bari ta daɗe tana jawo ƙarancin jini, tana lalata mafitsara, tana iya taɓa ƙoda, ga 'ya mace kuma tana iya shafar al'aura da mahaifa. Maganinta firazikwantel ne, ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 40 a kowane kilo. Amma ku lura da wannan, don a nan mutane suke asarar kuɗi: maganin ba ya kashe tsutsar da ba ta girma ba. Idan yaro ya shiga ruwa yau kuka ba shi gobe, ba ku yi komai ba. Sai an jira makonni, a yi gwajin fitsari, sannan likita ya rubuta. Idan kuma a gidan da kuka sauka ruwan kogi ake ɗebowa don wanka, a tafasa na yara, ko a ajiye shi a rufe ya kwana biyu, tsutsar ba ta wuce haka a raye idan ba ta samu jiki ba.

Shiga kwalekwale ma ana sonsa, kuma da daɗi. Sai dai kowace shekara muna jin labarin kifewar kwalekwale a kogunan Jigawa da Yobe, galibi saboda lodi ya yi yawa ko dare ya yi. Idan babu rigar kariya daga nutsewa daidai jikin yaro, ku tsaya a gaɓa ku yi kallo. Uwargida, kada ki shiga da goyo a baya. Idan wani abu ya faru, zanin da ya ɗaure shi shi zai hana a ciro shi.

Inda ruwa ya kwanta kuma akwai sauro. Na san za ku ce ai Kano ma da sauro, gaskiya ne, amma na fadama a ƙarshen damina wani abu ne daban. Ku tafi da gidan sauronku mai magani da igiyar ɗaurawa, kada ku dogara da na masauki. Da magariba a sa wa yara riga mai dogon hannu da wando da safa. Man shafawa mai korar sauro yana taimakawa, amma ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, ba a kuma shafa wa yaro a tafin hannu tunda baki zai kai. Idan tafiyar ta faɗo a damina, lokacin da ma'aikatan lafiya suke bi gida-gida duk wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ku riƙe katin yaron, kada zagaye ya wuce shi, kada kuma a ba shi sau biyu a wata ɗaya, can da nan. Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Ingila ko Amurka ko Saudiyya masu kawo yara ganin gida, ku sani yaron da aka haifa a can jikinsa bai san wannan zazzaɓi ba ko kaɗan, yana iya kayar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ku ga likita tun kafin ku taso a rubuta masa maganin kariya.

Batun wata fa? In da za a bi shawarata, hutun Disamba ya fi kowanne. Ruwa ya ja baya, hanya ta bushe, sauro ya ragu, tsuntsaye sun zo. Abin da za ku yi fama da shi sanyin dare ne da ƙurar hunturu, don haka a riƙe rigunan sanyi da man kaɗanya ko basilin, mai asma kuma kada a bar abin shaƙarsa a gida. Agusta da Satumba lokacin ambaliya ne, kamar yadda aka gani a Gashuwa a 2022, kuma bayan ambaliya amai da gudawa kan biyo. Afrilu da Mayu kuwa zafi yana haura digiri 40, ga shi lokacin sanƙarau. Ba na ba wa mai yaro ƙasa da shekara biyar shawarar yawon buɗe ido a waɗannan watanni, sai dai idan lalura ce ta biki ko ta rasuwa.

Kowane wata kuka zaɓa, ku ɗauko katin rigakafi ku duba tun saura mako uku ko huɗu, don allura tana buƙatar lokaci kafin ta fara aiki. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a 2023 ta fi yin ɓarna a Kano da Yobe, kuma akasarin yaran da ta kama ba su kammala allurarsu ba. Allurar nan da ake yi a mako 6 da 10 da 14 ita ce kariyarta. A duba ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau.

Akwai wani abu game da Gashuwa da duk ma'aikacin lafiya a Arewa ya ji labarinsa, wato yawan masu ciwon ƙoda a garin da kewayensa. An daɗe ana kuka da shi, masana kuma suna ta bincike a kan ruwa da abinci da sauran abubuwa. Ziyarar mako guda ba abin tsoro ba ce, kuma ban kawo maganar don in hana kowa zuwa ba. Na kawo ta ne don ta tuna mana cewa ƙoda ba ta son abu biyu a haɗe: ƙarancin ruwa a jiki da magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak. Yaron da ya wuni a rana, ko yake gudawa, ko yake amai, jikinsa ya yi zafi, kada a ba shi ibufurofen. Farasitamol za a ba shi, a dage da ruwa. Ku riƙa lura da fitsarinsa. Idan ya yi duhu, ko ƙaramin yaro ya yi awa shida bai jiƙa wando ba, ruwa ya yi masa kaɗan. Ruwan sha kuma na roba ko na leda mai lambar NAFDAC, ko wanda kuka tafasa da kanku. Ƙanƙarar da ake sa wa zoɓo da kunun aya a tasha, ba ku san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Kafin ku tashi, ku auna nauyin kowane yaro ku rubuta a takarda ku sa a jakar magani. Da nauyi ake ba yara magani, shekaru ba sa faɗin gaskiya. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne a kowane kilo, kada ya wuce sau huɗu a yini. Misali, yaro mai kilo 12, idan maganin ruwa ne mai miligiram 120 a cikin mililita 5, zai sha mililita 5 zuwa 7 da rabi. Ku auna da sirinji ko murfin da ya zo da maganin, cokalin gida kowanne da girmansa. Ku riƙe ORS kamar ƙulli goma da ƙwayar zink. A karanta jikin ledar, domin wani na lita ɗaya ne wani na rabin lita. Zink miligiram 20 ne kullum har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba rabin haka, kuma a ci gaba ko gudawar ta tsaya. In ORS ya ƙare a inda babu kanti, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sai ma'aunin zafin jiki, da filasta, da sabulu. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem za ku iya riƙewa, amma a yi gwaji tukuna, a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, a kuma cika sau shida ɗin cikin kwana uku ko da yaro ya tashi yana wasa.

Abin da ba na so in gani a jakar nan shi ne maganin sa barci. Ya zama ruwan dare a ɗura wa yaro Piriton ko Phenergan don ya yi shiru a mota. Phenergan haramun ne ga yaron da bai kai shekara biyu ba, yana iya danne masa numfashi. Ko babba ne, yaron da aka sa barcin dole a cikin zafi ba zai nemi ruwa ba, ba kuma za ki gane lokacin da jikinsa ya fara saki ba. Gara ya yi ta surutu ya dame ku. A tsaya duk bayan awa biyu su taka ƙasa. Maigida, a daure kada a rungume yaro a kujerar gaba.

Magani ma yana jin zafi. Yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, motar da aka rufe a rana kuwa tana wuce haka nesa ba kusa ba. Kada a bar jakar a but ko a aljihun gaban mota. Maganin gari da ake zuba wa ruwa, irin amoksisilin, kwana bakwai ne ransa bayan an haɗa, kuma yana son sanyi, don haka idan likita ya rubuta ku nemi na ƙwaya mai narkewa a cokali. Mai yaro mai sikila ko farfaɗiya ko ciwon sukari ya riƙe maganin da zai wuce kwanakin tafiyar da mako guda, tare da takardar asibiti. Idan abu ya fi ƙarfin jaka, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, akwai kuma babban asibitin gwamnati a Gashuwa. Ku san hanyarsu tun ranar da kuka sauka. Suma, ko jijjiga, ko sanƙarewar wuya, ko amai da ba ya tsayawa, ko yaro ya ƙi nono, ba a kwana da su a gida.

Masu ƙarfin hali sukan zarce arewa daga Gashuwa zuwa Yusufari, su shiga Tulo-Tulowa, inda tuddan yashi suke kewaye da kwari mai ruwa da dabino da goruba. Wuri ne da kan sa mutum ya yi shiru. Sai dai sai da mota mai ƙarfin shiga yashi da ɗan gari da ya san hanya, a kuma ɗauki ruwa ninki biyu na abin da ake zato. A ganina wannan ta yaran da suka kai shekara bakwai ce zuwa sama. A can, da ma duk ƙauyukan yankin, kada yaro ya fita da dare babu takalmi da tocila, a kuma zazzage takalmi da safe saboda kunama. Idan maciji ya sari yaro, musamman kububuwa, ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Daga Nguru kuma ana zuwa Machina, garin da ke gindin duwatsu, inda gidan sarauta yake ɗaukar macizai 'yan uwa ba a kashe su. Labarin zai burge yara, amma ku ja musu kunne cewa zumuncin bai haɗa da baƙi ba.

Daga Machina ko Yusufari, Nijar tana nan kusa, kuma gidaje da yawa a yankin rabi suna nan rabi suna can. Idan za ku tsallaka da yara, ku bi ta inda jami'ai suke, da takardun tafiya na kowa da katin allurar shawara, wadda ake yi wa yaro daga wata tara. Dokokin iyakar sun sha canzawa tun juyin mulkin Yuli 2023, an rufe an buɗe, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, don haka ku tambayi abin da ake ciki a makon da za ku tafi. Arewa da Yusufari jihar Diffa ce, wadda ta daɗe a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kamar yadda gabashin Yobe wajen Geidam da Kanamma ya sha fama da hare-hare. Ku saurari mutanen gari, kada ku yi tafiyar dare. A can da Faransanci ake rubuta magani, sunayen kamfani kuma sun bambanta da namu, har ƙarfin maganin ruwa yakan bambanta. Ku sa mai kantin maganinku ya rubuta muku ainihin sunan kowane magani da adadin miligiram ɗin da yaron yake sha, wannan ko'ina za a gane shi.

Wajen tsaraba, kifi banda na Gashuwa da Nguru ya yi suna. Ku saya a hannun wanda mai masaukinku ya sani, don akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. Wanda kuka ji yana warin fiya-fiya, ku bar shi.

Bayan kun dawo, ku rubuta ranar a kalanda. Duk zazzaɓin da ya taso cikin wata guda a yi gwajin jini a ranar. Nan da wata uku a riƙa leƙa fitsarin yara, a kuma tambayi manyan cikinsu, don ɗan shekara goma zai ga jini ya ɓoye saboda kunya ko tsoron a gane ya saci jiki ya shiga ruwa. Idan kun je asibiti, ko likita bai tambaya ba, ku gaya masa an je Nguru, an je Gashuwa, a wane wata, kuma ko ƙafar yaron ta taɓa ruwa.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.